Shekarar da Jiragen Bawa Suka Bar Mashigi

Da sunan Allah nake farawa, kuma Shi ne shaidata a kan abin da zan rubuta. Idona ya fara gajiya, saboda haka ba zan tsaya lissafa muku kakanni ba, kun san su. Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa, shi ne yadda nake jin kuna ambaton gidan Bawa na Goronyo. Kun tashi kun tarar ana cewa Bawa maci amana ne, kuka ɗauka kuka haɗiye, har ƙananan jikokina in suna faɗa sai in ji ɗaya ya ce wa ɗaya "amanar Bawa". Ku zauna ku karanta wannan har ƙarshe, kada wanda ya tashi a tsakiya.

Amanar nan ta gidaje uku ce, kuma ta girme ni. Lokacin da ake cika Wurno da mutane don tsaron arewa, ubana ya zo da wuƙarsa ta jima ya kafa majema a bayan ganuwa. A nan ya haɗu da uban Ardo Jabbi, Bafillacen da ke da ruga wajen Raba, da kuma uban Bawa, mai fito a Goronyo. Zamanin ba na zaman mutum ɗaya ba ne, don mahara suna saukowa daga arewa ba sallama. Sai su ukun suka dafa Alƙur'ani a kan sharuɗɗa. Fatun awakin gidan Ardo gidanmu suke zuwa, mu jeme su da bagaruwa, mu rina su ja da karan dafi, kuma kowace fata suna yi mata tsaga uku a bakin wuya tun wajen fiɗa don a san ta amana ce. Mu kuma gidanmu shi ne masaukin gidajen biyu a cikin ganuwa, duk ranar da daji ya ɓaci. Shi gidan fito nasa sharaɗin ya fi nauyi: da damina Fulanin suna ƙetare gulbin Rima su kai dabbobi tudun arewa, to daga ranar da gulbi ya cika har ranar da ya janye, manyan jirage biyu na gidan Bawa suna ɗaure a mashigi, ba sa zuwa ko'ina, don in hari ya zo a kwaso mata da yara. Sharaɗi na ƙarshe, in baƙo ya zo neman wani babban abu wurin ɗaya, sai an kai shi gaban ukun, in ba su haɗa baki ba a bar maganar. Iyayenmu suka rasu muka gada, muka riƙe shekara da shekaru ba wanda ya ji kanmu.

A shekarar da nake ba ku labari, maganar Nasara ce a bakin kowa. An ce suna kan Kwara da jiragen da ke tafiya da wuta, suna hawa ruwa ba gora ba filafili. An ce wasu irinsu kuma suna tahowa ta yamma, kuma su biyun ba sa ga maciji da juna. A masallaci, a kasuwa, a zauren manya, mutane sun rabu. Wasu su ce a karɓi kyautarsu a yi musu fara'a, su tsaya can bakin ruwa. Wasu su ce a toshe hanya kada ko allura ta wuce. Wasu ba sa cewa komai, sai ka ji sun fara tambayar hanyar gabas. Ni kuwa, in faɗa muku gaskiya, tsoro ne ya cika ni. Larabawan da ke sayen jar fata su haura da ita sahara sun ragu, fatu suna taruwa a ɗaki. Kowa ya yi magana sai in ga shi ke da gaskiya, in na koma gida kuma in rasa wanda zan bi.

Ana cikin haka, da bazara, wani Banufe mai suna Gana ya sauka gidana. Mutum ne mai sanyin magana, yana salla a kan lokaci, ba ka ganin haƙoransa sai da dalili. Bai ɓoye ba, ya ce shi ɗan aiken Nasaran Kwara ne, jar fata suke so, mai yawa, kuma ba sau ɗaya ba. Na ba shi ɗaki da tuwo kamar yadda ake yi wa baƙo, na aika Raba da Goronyo. Bayan kwana huɗu muka zauna mu uku da hantsi a ƙarƙashin tsamiyar majema, Gana ya faɗi buƙatarsa ya koma ciki.

Bawa ne ya fara. Gajere ne mai faɗin ƙirji, muryarsa ta saba kiran mutum daga wancan ƙetare, ko raɗa zai yi sai maƙwabta sun ji. Sanda yake kirana, don sunana Umaru.

"Sanda, Ardo, ku ji ni. Ni ɗan ruwa na. Ruwan da ka tahowa ba a tare shi da ƙirji, hanya aka yi mai. Mutanen ga zuwa za su yi, ko mun so ko mun ƙi. Gara su iske mu abokan ciniki da su iske mu baƙin ido."

Ardo Jabbi ya girme mu duka, dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya. Ya daɗe yana zane ƙasa da sandarsa kafin ya ɗago.

"Bawa, kai kihi kaka kamawa, ka san mi aka sa ma ƙugiya. 'Yan'uwana da ka kiwo kudu sun ba ni labari. Rumhwa sunka roƙa da hwari, wurin aje kaya. Daga rumhwa sai tuta, daga tuta sai bindiga. Yau mai garin sai ya tambaye su kahin shi kama ɓarawo. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, mi aka cewa ka yi?"

"To ai ruwan shahwawa ni ka nema muna!" in ji Bawa.

"Kai ba ruwa kaka nema ba, mai na," Ardo ya ce. Sannan ya juyo gare ni. "Umaru, baƙonka na. Mi kac ce?"

Ga inda na fara ɓata. Na ce maganar Bawa akwai hankali, maganar Ardo akwai hangen nesa, a dai yi addu'a, a dai duba. Na yi ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke. Bawa ya yi tsaki ya ce Sanda ko ruwan sha aka tambaye shi sai ya ce a dai duba. Tunda baki bai haɗu ba, bisa sharaɗi magana ta mutu. Amma da Ardo zai hau hanya ya riƙe hannuna a ƙofar gida.

"Jibi muna ƙetarawa arewa da bisashe. Hwatar akuyata ko guda kada ta tahi hannun Nasara. Ka ji?"

Na ce na ji, na kuma ɗauki alkawari. Da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa mini.

Gana bai tafi ba. Ya ce zai jira ruwa ya sauka ya huta, ni kuma ba a korar baƙo. Bai taɓa roƙona ba, wannan shaida zan yi masa. Sai dai da la'asar ya zauna kusa da ni ina kankare gashi, ya riƙa ba ni labari. Majeman gari kaza sun riga sun ba da kaya. Nasara suna rubuta sunan duk wanda ya fara hulɗa da su, kuma ba sa mantawa. Wannan maganar ta rubuta suna ita ta shige ni. Na riƙa ganin ranar da za su iso ƙofar Wurno da takarda a hannu, ana karanta sunayen waɗanda za a bari, ba nawa. Ku a lokacin kuna ƙanana, kuna wasa da kwatanniyar jima. Ina kallonku abinci ya ƙi shiga. Uwarku Hauwa ta lura, ta ce mini wata rana tana miƙo fura:

"Malam, taura biyu ba ta taunuwa. Ka hwaɗa ma baƙon ga a'a, ko ka tahi ka hwaɗa ma Ardo i."

Na daka mata tsawa na ce maganar maza ce. Allah Ya jiƙanta, ita kaɗai ce mai hankali a gidan nan a wannan shekarar.

Dabarar da na yi, a lokacin har daɗinta na ji. Na ce a raina, fata in ta sha bagaruwa ta sha karan dafi, wa zai ce ta akuyar wane ce? Tsaga ukun nan ne kawai shaida. Sai na ɗauki wuƙa na bi fatun Ardo ɗaya bayan ɗaya ina yanke bakin wuyan, faɗin yatsa uku. Kwana biyu ina yi ni kaɗai a ɗakin ajiya. Na ɗaure su dami-dami. A ganina na sami Nasara ban rasa Ardo ba.

Saura hanya. Damina ta yi nisa, fadama ta cika, jaki ba ya wucewa da kaya, Gana kuma ya ce dole ya kai fatun ƙasan Sakkwato cikin kwanakin nan, inda abokan tafiyarsa ke jira, in ba haka ba jirgin wutar zai bar su. Hanya ɗaya ce, ruwa. Na hau doki na tafi Goronyo.

Ku buɗe kunnenku a nan, don nan ne abin da ba ku sani ba. Na tarar da Bawa a mashigi yana toshe wata kafa a jirgi. Gulbi ya cika ya yi ja, yana jan itatuwa. Manyan jiragen nan biyu suna ɗaure a gindin giyayya inda suka saba. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni kamar bai san ni ba.

"Sanda, ni nac ce a yi ciniki. Ban ce a kwance jirgi ba. Mutanen Ardo suna ƙetare."

Na ce kwana bakwai ne kawai, zuwa da dawowa. Na ce shekara nawa rabon da a ga mahara da tsakiyar damina. Ya ce ba ya kwancewa. Na kwana biyu a gidansa ina binsa kamar ƙuda. Da na ga roƙo bai ci ba sai na koma gori, don na san inda ke masa ciwo. Na ce ashe duk ihun da ya yi ƙarƙashin tsamiya baki ne kawai, ga ni ni da ake kira matsoraci na kawo kaya, shi jarumin ya noƙe. Sannan na yi ƙaryar da har yau take ƙona ni: na ce na aika wa Ardo, ya ce in kwana bakwai ne ba komai. Bawa ya tambaye ni sau biyu.

"Ardo da bakinai?"

Na ce da bakinsa. Washegari ya kwance jiragen, ya gangaro Wurno, aka loda fatun, Gana ya shiga, suka wuce. Ya bar ƙaramin kwalekwalen kamun kifi a mashigi, wanda ba ya ɗaukar fiye da mutum uku.

Kwanakin nan ban san yadda zan kwatanta muku su ba. Kullum da safe ina kan ganuwa ina duban ƙasan gulbi, da yamma ina duban arewa. Rana ta bakwai ta zo ba jirage. Ashe ruwa ya ƙaru, gangarawa sauƙi, hawowa kuwa sai da gora, taki-taki, a bi gefe. Ni majemi ne, ban lissafa wannan ba, Bawa kuma da ya lissafa na toshe masa baki. Rana ta takwas na ce gobe zan tura mutum ƙetare ya gaya wa Ardo mashigi ba jirgi, ya matso da iyali kusa. Sai kuma na tuna in na tura, ƙaryata ta tonu. Na ce bari in ƙara kwana ɗaya. A rana ta tara, wajen azahar, muka ga hayaƙi a tudun arewa.

Abin da ya faru a bakin ruwa ban gani da idona ba, waɗanda suka tsira ne suka faɗa. Fulanin sun ji tahowar maharan da wuri, suka koro dabbobi da iyali zuwa mashigi, hankalinsu kwance, don shekara nawa suna zuwa suna tarar da jirage. Suka tarar da igiya a jikin giyayya. Ƙaramin kwalekwalen ya yi ta kai da kawowa da tsofaffi da jarirai. Sauran aka tura shanu cikin ruwa, mata suka kama wutsiya. Sambo, babban ɗan Ardo, wanda aka yi wa aure kaka biyu da suka wuce, ya ƙetare sau uku yana rako mata. A na huɗu ya koma ɗauko matar ƙanensa. Ruwa ya tafi da su biyun. An sami gawarta bayan kwana biyu kusa da Kwargaba, shi ba a same shi ba.

Suka shigo Wurno, suka sauka gidanmu kamar yadda sharaɗi ya ce. Na yanka rago, na ba da ɗakuna, na zauna karɓar gaisuwa kusa da Ardo ina amsa "Allah Ya jiƙan rai" tare da shi. Gari duka ya ɗauka: Bawa ya sayar da amana saboda kayan Nasara. Masu cewa a toshe hanya suka samu abin nuni. Ba wanda ya san kayan wa ke cikin jiragen, don a ɓoye aka loda, a wata gaɓa nesa da mashayar gari, mutane sun ɗauka kayan Gana ne da ya tara a kasuwanni. Na yi shiru.

Kun san dokar gidan nan, majemi ba ya zubar da guntun fata. Ubana ya taɓa marina a kan guntun da bai kai tafin hannu ba, ya ce da shi ake ɗinke layu da bakin takalmi. To wuyan nan da na yanke, hannuna da kansa ya zuba su a kwando ya tura bayan ƙofa, ban ko yi tunani ba. Ranar addu'ar bakwai Ardo ya ce yana son buzun salla, na ce ya shiga ɗakin ajiya ya zaɓa. Ya daɗe bai fito ba. Da na bi shi na same shi tsugune gaban kwandon, ya jera guntayen a ƙasa, kowanne da tsaga uku. Ɗakin kuma wayam, ba fatunsa. Bai tambaye ni komai ba. Ya mai da su cikin kwandon ɗaya bayan ɗaya, ya rufe da tsumma.

"Ɗiyana suna cin tuwon gidanga," ya ce. "Ba ni tona ka."

Na faɗi na kama ƙafarsa. Ya janye a hankali.

"Bawa ya hwaɗi abin da shika so gaban kowa, na san inda yat tsaya. Kai na ban sani ba, Umaru. Da ka ce mini i, ciniki kaka so, da na aje iyalina wanga ƙetare."

Da ruwa ya janye bai koma Raba ba. Ya haɗa mutanensa suka yi gabas, ya ce ƙasar da jirgi ke barin mashigi tun Nasara ba su iso ba, ba zai jira ya ga isowarsu ba. Tun muna jin labarinsu daga bakin fatake har muka daina. Gana ma bai sake dawowa ba, kuma ban san ko an rubuta sunana a wata takarda ba.

Bawa ya iso rana ta goma sha biyu, hannuwansa duk sun fashe da gora. A bakin ruwa aka gaya masa. An ce zama ya yi a cikin laka. Daga nan mutane suka daina shiga jirginsa in akwai wani, aka daina ba 'ya'yansa aure, wannan murya tasa ta mutu. Na jira ya zo ya tsaya ƙofar gidana ya yi ihun da ya iya, ya ce ga wanda ya kawo kaya, ga wanda ya ce Ardo ya yarda. Bai zo ba. Shekara uku ina wannan jira, har na gaji na tafi da kaina, lokacin ciwo ya riga ya kwantar da shi. Na same shi a zaure a kan tabarma, ya rame. Na ce masa ƙarya na yi, Ardo bai taɓa yarda ba.

"Na sani tun ranar da nid dawo," ya ce.

Na ce to me ya hana shi faɗa, ya wanke kansa?

"Wanke mi? Hannuna yak kwance igiya, ba naka ba. Da na tura yaro ƙetare ya tambaya, rabin yini na. Ban tura ba, don ina son zancenka shi zan gaskiya." Ya yi tari ya huta. "Kuma duba, Sanda. Gida ukku munka gada. Na Ardo ya tahi, nau ya ƙone. In na ƙone naka, ranar da mutanen ga sunka iso, ɗiyana ƙohwar wa za su bugawa?"

Na fashe da kuka. Ya kama hannuna da nasa mai kaushi ya ce in riƙe sunan mai amana da kyau, ba nawa ba ne ni kaɗai. Bai kai kaka ba ya rasu.

Yanzu shekara goma ke nan da wannan zama. Labarin da ke zuwa daga kudu da yamma kullum ƙara matsowa yake, garuruwan da muke jin sunansu da nisa yau an ce tuta ce a kansu, manya kuma har yanzu ba su haɗa baki ba. Ban san wa ke da gaskiya tsakanin Ardo da Bawa ba, wataƙila ku za ku gani, ni ba na fatan in kai. Abin da na sani, kowannensu ya faɗi nasa a fili ya tsaya a kai, kuma amana za ta iya ɗaukar wannan saɓanin, kamar yadda ta ɗauki wasu a baya. Ni ne ta kasa ɗauka.

Mutuncin da kuke tafiya da shi a garin nan, da ake tashi a ba ku wuri a ce ɗiyan mai amana, wani ne ya saya muku shi da nasa. 'Ya'yan Bawa huɗu suna nan Goronyo, kuma har yau ba su san abin da kuka karanta yanzu ba. Ni ƙafata ba ta kai ni. Babbanku ya ɗauki takardar nan ya tafi ya karanta musu, a mashigi, ranar kasuwa.